Inna da Rediyon Kunnenta

Ranar wata Talata da hantsi, ana tsakiyar kaka, Allah Ya karɓi ran mahaifiyarmu a ɗakinta da ke Tiga. Daga gare Shi muke, gare Shi za mu koma. Kafin azahar mun kai ta makwancinta, kafin la'asar kuwa babu masaka tsinke daga zaure har bakin titi. Mutanen Kafin Maiyaki sun zo a kan babura bibbiyu da uku-uku. Danginta na rugagen Doguwa suka cika akori-kura guda, har da wata tsohuwa da ta taho da ƙwaryar nono a ka, ta ce ba ta taɓa shiga gidan nan hannu rabbana ba, ba kuwa yau za ta fara ba.

Abin da ya ɗaure wa baƙi kai shi ne dariya. Muna zaune a ƙofar gida da liman ana ta addu'a, sai a ji kuka ya tashi daga cikin gida, can kuma sai kukan ya rikiɗe ya koma dariya. Liman ya yi gyaran murya sau biyu. A na uku ya aika a tambayo, aka dawo aka ce masa maƙwabciyarmu ce ke ba da labarin faɗan da suka yi da marigayiya a kan injin niƙa. Liman ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa, domin shi ya raba faɗan. Da ya ɗago ya ce, "To, a dai riƙa haɗawa da salati."

Mai gyaran rediyo na kasuwar Kafin Maiyaki ya rufe rumfarsa ya zo, ya zauna kusa da ni yana share ido da bakin hula. Ya ce tun da ya kama sana'a babu wanda ya taɓa koya masa aikinsa sai ita. Wata matar masunci, wadda ko sunanta ban sani ba, ta tsaya a soro tana ta maimaita, "Yanzu wa zan gaya wa? Wa zan gaya wa?" har mata suka zo suka ja ta ciki.

Can sai wani dattijo, abokin marigayi Baba, ya kama hannuna ya ce, "Ya haƙuri?" Na ce, "Da godiya." Ya ce, "Kai dai naka da sauƙi, ɗan fari. Ba ku saba ba." Da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma duk wanda ke wurin ya gyaɗa kai. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai. Ita ta sa na ɗauki biro, don kada a manta da Inna, kuma don kada a tafi da wannan zance a kaina da ita.

Ta wani gefen dattijon yana da gaskiya. Ni ne ɗan farinta, ita kuma Bafulatana ce gaba da baya, ta riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. Ana yaye ni Goggo, yayar Baba, ta goya ni zuwa Kiru, can na girma. Har na dawo Tiga na kama aikin injinan ruwa a dam ɗin garin, na yi aure na tara 'ya'ya, Inna ba ta taɓa kama sunana ba. "Wancan na Goggo" take cewa. Yaran unguwa da suka ci sunana duk ta sauya musu suna, wasunsu har yau da nata ake kiran su. In na zo gaisuwa, a bakin rumfa nake durƙusawa, taku goma tsakaninmu, in yi ƙasa da murya. Ita kuma ta juya wa bango fuska ta amsa wa bango.

In akwai magana, Auta ce 'yar aike. Auta ita ce ƙanwarmu ta ƙarshe, tana aure a bayan gidan, bakinta kuwa bai san gajiya ba. Sai in ce, "A gaya mata an kawo shinkafa." Auta ta juya ta ce, "Inna, wai ya kawo shinkafa, kuma kin ga yadda ya rame?" Inna ta motsa baki wajen bango, Auta ta kara kunne, sannan ta juyo ta ce, "Ta ce an gode, kuma ka riƙa cin abinci, kuma hular nan ta tsufa." Shekara da shekaru ban san wanne ne na Inna, wanne ne gishirin Auta ba.

Ban taɓa ganin laifinta ba. Haka aka yi mata, haka ta ga ana yi. Amma ba zan ɓoye ba, tun ina yaro burina ɗaya ne: in zauna in yi magana da uwata, ni da ita, babu ɗan aike. Na ɗauka lokaci na nan yana jira na. Sai kunnenta ya fara tafiya.

Injin niƙa ya cinye shi. Bayan rasuwar Baba, Inna ce mace ta farko da ta kafa inji a unguwarmu, ba ta kuwa yarda wani ya tsaya mata a kai ba. Shekara goma sha biyar tana bakinsa daga hantsi zuwa la'asar, gari har a gira, tana zuba dawa da hannu ɗaya tana korar akuya da ɗayan. Takan ce, "Wanda ya bar wa wani injinsa, ya bar masa tuwonsa." Da ta gaji ta sayar wa ɗan maƙwabciyarmu ta dawo gida, sai aka lura in an yi sallama ba ta amsawa. Ta daɗe tana musu, tana cewa mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki. Musun ya ƙare ranar da aka kwatsa tsawa a farkon damina, ta miƙe ta je ta leƙa wa ke ƙwanƙwasa ƙofa.

Masu ihu ba su yi asarar komai ba. Auta ta ƙara murya, maƙwabciya dama tata a sama take. Ni ne na faɗi ƙasa warwas, don ɗan fari ba ya yi wa uwarsa ihu, ba ya kuma matsowa kusa. Gaisuwata ta bakin rumfa ta zama aikin banza. Sai Auta ta taɓa ta, ta nuna ni da haɓa, sannan ta san na zo.

Ni mutum ne da ya yarda da inji, abincina ke nan. Na sa aka kai ta wurin likitan kunne a Kano, ita da Auta a bayan mota, ni a gaba kamar fasinjan da bai san su ba. Likita ya duba, ya ba ta na'urar ji irin ta wancan zamani. Ɗan akwati ne da bai fi tafin hannu ba, ana maƙala shi a gaban riga, da siririyar waya da ta hau zuwa wani ɗan abu da ake cusawa a kunne. A jikin akwatin akwai 'yan huji masu ɗaukar sauti, da wurin sa batir, da abin murɗawa na ƙara murya. A ɗakin likita, inda ko ƙuda ba ya motsi, ya yi mata magana a hankali. Inna ta zabura ta ce, "Kai, ɗan nan, ai ina ji, daina ihu!" Muka fito ina ta murna a ciki. Kafin mu fita daga gari ta cire abin ta ƙulle a bakin zane.

Unguwa ta sa masa suna rediyon Inna. Aibinsa ɗaya, ba ya zaɓe. Duk abin da ya shiga hujin nan sai ya ɗaga shi ya juye mata a kunne: zakara, turmi, kukan jariri, babur a titi, iskar da ke tasowa daga dam, har gugar mayafinta a jikin akwatin, wadda ta ce kamar ana yaga tabarma a cikin kanta. Muryar mutum kuwa sai ta nutse a ciki. Lafiyayyen kunne ya iya watsar da hayaniya ya riƙe maganar da yake so, ba ma sanin muna yi. Rediyon Inna bai iya ba. Ta ce, "Wannan abu ba shi da tarbiyya, bai san babba ba. Liman na magana, kaza na magana, sai ya ba kaza gaba."

Duk da haka na gwada sa'ata. Na sa wankakkiyar riga, na je na durƙusa a wurina, na yi gaisuwa da ɗan ƙarfi fiye da yadda na saba. Daidai nan aka saki taɓarya a maƙwabta. Inna ta yamutsa fuska ta ce wa Auta, "A ce wa masu daka su sassauta." Ba ta ma san na buɗe baki ba. Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

A nan faɗan inji ya samo asali. Injin da ta sayar yana nan bayan katangarmu, ɗan maƙwabciya na tayar da shi kullum. Inna ta yafa mayafi ta tafi har gida ta ce a kashe shi, yana hana bayin Allah sakat. Maƙwabciya, aminiyarta ta shekara talatin, ta ajiye muciya ta riƙe ƙugu.

"Ke? Yau ke ce za ki ce inji ya dame ki? Shekara goma sha biyar kina girgiza mana hanji, kajina suka daina ƙwai, na ce uffan?"

Inna ta ce, "Da ba na ji. Yanzu ina ji."

"Mu da muke ji tun da fa?"

"Ku kun saba."

Kwana tara ba sa gaisawa. Sai dai kowace yamma miya na ƙetare katanga daga nan zuwa can, daga can zuwa nan, don a wurinsu fushi daban, miya daban. Liman ya shiga tsakani, aka yanke cewa inji zai huta daga azahar zuwa la'asar, lokacin da Inna ke karɓar baƙi, da kuma ranar Juma'a. Ita kuma Inna ta amsa a gaban shaidu cewa lallai a zamaninta ma injin yana ɗan yin ƙara. A kan kalmar "ɗan" ɗin nan saura ƙiris a koma sabon faɗa.

Amma inji ɗaya ne cikin dubu, sauran duniya kuwa ba ta da liman da zai tsayar da ita. Sai Inna ta zauna ta yi wa abin karatun ta-natsu. Ta lura in Auta ta sunkuyo kusa da akwatin, muryarta na rinjayar hayaniya. Ta lura in ta zauna a lungun katangar ƙasa ta ba titi baya, ƙara na raguwa. Ranar kasuwa ta sa aka kai ta Kafin Maiyaki, ta ajiye wa mai gyaran rediyo akwatin a gabansa, ta ce ya ƙara wa wayar tsawo ta kai kamu shida. Ya ce, "Inna, abin Turawa ne, a jiki aka ce a maƙala shi." Ta ce, "Ɗan nan, in guga bai kai ruwa ba, rijiya ake ɗagowa ko igiya ake ƙarawa?" Sai ya ɗauko dalma ya yi aikin. Da ya gargaɗe ta cewa wayar ba ta son ja, ta dawo gida ta yi mata kitso da zaren saƙa daga farko har ƙarshe.

Da fari a kwanon sha ta sa akwatin, ta ce kowa ya koma magana kamar daga cikin tulu. Ta koma ƙwarya, aka ɗan samu sauƙi. Sai ta farke tsohon matashi, ta shimfiɗa audugar rimi a cikin ƙwaryar, ta rufe da ƙyallen atamfa, ta zaunar da akwatin a tsakiya. Mai magana sai ya ɗaga ƙwaryar zuwa baki kamar zai sha fura. Bayan ƙwarya ya tare ƙarar waje, auduga ta shanye amo, baki kuma ga shi kusa, don haka sai ta rage murya. In ta rage, zakara da babur sai su ja baya, a bar ta da mutum ɗaya. Ranar da abin ya yi, ta sa Auta ta karanta mata Fatiha a ciki sau uku, tana murmushi tana gyara mata.

Daga nan gidanmu ya samu sabuwar doka: mai ƙwarya shi ke da magana. Gidan da mata shida ke magana lokaci guda ya koma kamar zauren alƙali. Inna na zaune a lungunta, ta tura wa wannan, ta tura wa waccan. In mutum ya cika surutu sai ka ga ƙwarya ta fara ja da baya a hankali, yana bin ta da baki har ya gane. Maƙwabciya ce kaɗai ke riƙe ta da hannu biyu ta ƙi saki.

Kawu, ƙanin Inna, ya zo daga rugarsu ta Doguwa. Ya jingine sanda, ya daɗe yana kallon ƙwaryar ta gefe, sannan ya tambayi Auta, "Wannan abin ya iya Fillanci kuwa?" Aka ce ya gwada. Ya ɗaga, ya yi wata 'yar magana a ciki da yarensu. Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Mi nani," wato na ji. Yini guda suka yi suna bin sunayen shanun gidansu ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda aka yanka tun ba a haife ni ba. Da zai tafi ya shafa bayan ƙwaryar ya ce lallai wannan 'yar gida ce.

Sai kuma wani abu da babu wanda ya shirya shi. Matan unguwa suka gano cewa ko raɗa ka yi a ƙwaryar nan Inna za ta ji, wanda ke gefenka kuwa ba zai ji ba. Tsakanin azahar da la'asar sai ka ga an shigo ɗaya-ɗaya, wannan da sunan aron rariya, waccan da sunan gaisuwa. Inna ta san muryarta ta yi sama tun da kunne ya tafi, don haka ba ta ba da amsa da baki. Sai dai ta riƙe hannun mai magana, ko ta ɓalla mata goro. Auta ta kusa mutuwa don son ji. In ta matsa, Inna ta ce, "Abin da ya shiga ƙwarya, auduga ta shanye." Har yau ban san abin da matar masuncin nan ta gaya mata ba. Na dai san washegari Inna ta yafa mayafi ta tafi bakin ruwa, ba ta dawo ba sai yamma, kuma daga ranar yarinyar ta daina tafiya tana bin jikin katanga.

Ƙwarya ta je wurin kowa. Ta je wurin liman, ta je wurin mai tallan kifi, ta je wurin jikokin da ba su iya komai ba sai hura mata iska. Ni kaɗai ba ta zo wurina ba. Waya kamu shida ce, wurina taku goma. Ita ba za ta turo ba, ni ba zan miƙa hannu ba. Auta ta ce, "Yaya, ka ɗauka mana, wa zai kashe ka?" Ba kisa nake tsoro ba. In na ɗauka a gaban mutane na kunyata ta, in kuwa ta janye ko ta tashi ta shige ɗaki, ban san inda zan sa kaina ba. Ni na kawo rediyon gidan, ni kaɗai ne ba na shiga cikinsa. Abin ya ci mini rai ƙwarai, har na riƙa jin haushin mai tallan kifi.

Bayan shekara biyu muka koma wurin likita. Da ya ga ƙwaryar ya juya ta, ya leƙa cikinta, ya yi dariya har ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. Ya ce a ƙasashen waje an fara dasa wata na'ura a cikin kunne da tiyata, ba ta dai iso nan ba, kuma su ma can hayaniyar nan ce ke ba su wahala. Bayan ya gama awo ya ja ni gefe. Ya ce ɗan jin da ya rage yana tafiya, rediyo kuwa abin da ya rage yake ɗagawa. Wata rana ko an murɗa har ƙarshe ba za ta ji ba. Na ce yaushe? Ya ce wannan sai Allah.

Sayen batir aikina ne, sawa kuma aikin Auta. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na biya da batir a aljihu, na tarar duk gidan sun tafi bikin suna a Tudun Wada, har Auta. Inji a kashe, titi babu kowa, sai kukan kurciya can nesa. Inna na ƙarƙashin rumfa tana tsintar wake. Na durƙusa a wurina. Ta ga inuwa, ta juya wa bango. Na ajiye batir a ƙasa, sannan na tuna idonta ba ya ganin wurin sawa. Muka zauna a haka, ita da wake, ni da batir.

Can sai ta ce wa bango da ƙarfi, "Abin nan ya mutu tun jiya. Da akwai mai gyara a kusa da an duba." Ta sa hannu ta baya ta turo ƙwaryar iya tsawon waya.

Na matso da gwiwa. Ban taɓa sanin 'yan takun nan na da nisa haka ba. Na buɗe akwatin, na cire tsohon batir, na sa sabo.

Ta ce, "A gwada, a ji ko yana aiki."

Na ɗaga ƙwaryar. Shekara arba'in ina tara magana, ranar duk ta gudu. Na ce, "Ɗaya, biyu, uku."

Ta ce wa bango, "Wannan ƙirga ce. A yi magana irin ta mutane."

Na ce, "Ina wuni?"

Ta ce, "Lafiya." Sannan ta ce, "Akwai ƙara har yanzu. A ƙara gwadawa."

Babu wata ƙara, ko kaza ba ta motsa ba. Sai na gane. Na gyara zama na fara. Na ba ta labarin tumatirin da na shuka a bakin kanal ɗin ban ruwa tsutsa ta cinye. Na ba ta labarin 'yata ta uku da ta cire haƙori ta jefa a rufin maƙwabta. Duk sanda na tsaya na sauke ƙwarya, sai ta ce, "A ƙara." Daga nan bakina ya kai ni Kiru. Na ce ina yaro akan kawo fura daga Tiga a wata 'yar ƙwarya mai ɗinki a baki, Goggo ta ce saƙon mutanen Tiga ne. Na ce na san mai damawa. Na ce a bayan rumbu nake ɓuya in shanye ni kaɗai, in lashe har ɗinkin. Na ce ban taɓa yin fushi ba, ko sau ɗaya. Hannunta ya tsaya a cikin wake. Can aka kira la'asar. Sannan ta ce, "Yana aiki," ta janye ƙwaryarta.

Washegari da safe sai ga Auta a gidana da fura, tana ta ƙunƙuni. Ta ce, "Inna ta ce a kawo wa yara. Kuma ta ce kada a ba yara. Ni dai ban gane ba." Na karɓa na shige ɗaki na rufe ƙofa. Na fi shekara arba'in, amma har ƙasan ƙwaryar sai da na lashe.

Tun daga nan batirin da ke yin sati biyu da ɗoriya ya koma mutuwa duk Juma'a. Waɗanda nake cirewa da sauran ƙarfinsu, har na rasa tocilan da zan zuba su. Duk Juma'a kuma Inna na da aiken da ba wanda zai iya sai Auta, kuma aiken na da nisa. Auta ta gane tun sati na biyu, kuma karo ɗaya a rayuwarta ta kama bakinta. Allah Ya saka mata.

Inna ba ta taɓa juyowa ba, ba ta taɓa kiran sunana ba. Amma bangon nan ya sha labari. "A gaya wa mai gyara, toka ake zuba wa tumatir." "A gaya wa mai gyara, hular nan ta tsufa." A nan na san ashe ba duka ne gishirin Auta ba. Wata rana kuma, babu wanda ya tambaye ta, ta ce, "Ranar da Goggo ta tafi da wancan, wata ta bi su a baya har bakin rafi. Ba wanda ya gan ta. Ta zauna a nan har rana ta faɗi, ta dawo ta ce itace ta je yi." Na sauke ƙwaryar ina kallon bayanta. Ta ce, "A ƙara mana, ko ya mutu ne?" Muka ci gaba da zancen farashin albasa, ni ina dariya ina share hawaye.

Mun fi shekara biyu a haka, kuma su ne shekarun da na fi jin daɗi a duniya. A hankali ta riƙa murɗa abin yana yin sama har ya ƙure. Ta daina tura wa mata ƙwarya, suka ci gaba da zuwa suna zama ta riƙe musu hannu. Amma batir bai fasa mutuwa ranar Juma'a ba.

Saura kamar wata biyu ta rasu, na je na yi gwajina kamar kullum. Na yi magana mai tsawo, duk inda na tsaya ta ce, "A ƙara." Da na koma gida na cire riga, sai batir biyu suka faɗo daga aljihu, tsohon da na cire, da sabon yana cikin takardarsa. Na shagala da zance ban sa ba. Akwatin fanko ne tun azahar har la'asar, kuma ba ta sani ba. Na zauna a bakin gado ina juya batir a hannu. Ashe kunnen ya riga ya tafi, Allah kaɗai Ya san tun yaushe. To yaya take sanin na tsaya? Sai na tuna 'yan makonnin nan zamanta ya ɗan karkace daga bango. Ta gefen ido take kallona, in ta ga na sauke ƙwarya ta san na kai aya.

Juma'ar da ta biyo na sa batir yadda ya kamata, don kada a ce mai gyara bai iya aiki ba. Amma ban kai ƙwaryar baki ba. Na ajiye ta a cinya, na ɗaga kai, na yi ta magana fuskata a buɗe, idona a kan katanga don kada in takura mata. Ta kalla son ranta. Da aka kira la'asar na nuna mata masallaci da hannu, ta jawo ƙwaryarta, ta ce wa bango, "Yau ya fi kullum fita."

Allah Ka jiƙan Inna, Ka yalwata mata kabarinta, Ka sa tana cikin waɗanda za su ji kiran rahama tar, babu wata hayaniya a tsakani. Mai karatu, in ka kawo nan, ka sa ta a addu'arka. Ba sai ka ɗaga murya ba.